Idan jirgin ruwa ya yada zango: yadda za ka fita yawo da ɗan jagora ka dawo kan lokaci

Shekara 31 na yi ina koyar da tarihi a makarantun sakandare a nan Bauchi kafin na ajiye aiki, kuma ruwa mafi girma da idona ya saba da shi shi ne na madatsar Gubi. Babban yaron wajena, wanda aiki ya kai shi Sifaniya, shi ya biya mana kuɗin jirgin ruwa na shaƙatawa, ni da mahaifiyarsa. Muka tashi daga Basalona a farkon watan Oktoba, muka tsaya Malaga, muka ƙetara Kasabalanka ta Maroko, sannan muka kewayo. Tun da na dawo, a majalisarmu ta bayan isha'i tambayar da aka fi yi mini ba ta girman jirgin ba ce. Ita ce: "Malam, in ya tsaya a wani gari, yaya ake yi a sauka a ga garin?" Amsar nan ce na zauna na rubuta.

Irin wannan jirgi da dare yake tafiya. Gari na wayewa sai ka gan ka a wata tasha, ya yini, yamma ta yi ya ɗaga. Abin da kake da shi a kowane gari bai cika wuce awa 8 zuwa 10 ba. Kana iya sayen yawon da kamfanin jirgin ya shirya da motarsa da ɗan jagoransa, kana iya shiryawa da wani ɗan jagora na waje tun kana gida, kana kuma iya fita da ƙafarka. Duk wanda ka zaɓa, abu ɗaya ne zai yi maka hukunci, shi ne agogo.

Mu a nan mun saba da motar tasha. Sai ta cika take tashi, in ka je kama ruwa ɗan kamasho zai ce wa direba a dakata, saura Malam. Jirgin ruwa bai san wannan ba. An ƙayyade masa lokacin da zai bar gurbinsa, akwai matuƙin tasha da zai fitar da shi a lokacin da aka yanka, akwai kuma nisan da dole ya ci kafin safiya. Saboda mutum biyu ba za a tsayar da dubban mutane ba. Lokaci biyu za ka gani a rubuce: na tashin jirgi, da na rufe shiga, wanda yakan riga na tashin da kamar rabin awa. Na biyun shi ne naka. Ka manta da na farkon.

Ga inda bambancin yawon kamfani da na waje yake. In motar kamfani ta makara da kai, jirgi yakan jira ta, in kuma jiran ba zai yiwu ba, kamfanin ne zai ɗauki nauyin kai ka tasha ta gaba. In da na waje ka fita ka makara, kuɗin masauki da na jirgin sama duk a aljihunka. Ga Bature mai fasfon Turai wannan asarar kuɗi ce kawai. Ga mai koren fasfo irin namu abin ya wuce kuɗi, domin kana iya samun kanka a ƙasar da bizarka ba ta ba ka damar kwana ba, ko tashar gaba ta kasance a ƙasar da ba za ka iya shiga ta jirgin sama ba. Shi ya sa lissafinmu ya bambanta da na abokan tafiyarmu, ko da sun ce maka su kullum da na waje suke fita.

Maganar biza kuwa tun kafin a biya kuɗin jirgi ake gama ta. Ka samu jerin duk tashoshin, ka rubuta wa kamfanin cewa fasfon Najeriya gare ka, su amsa maka a rubuce. Tafiyarmu ta fita daga yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya da Sifaniya ke cikinsu, zuwa Maroko ta sake komawa, saboda haka bizar shiga sau ɗaya ba ta wadatar ba, sai mai damar shiga da fita fiye da sau ɗaya, ga kuma ta Maroko daban. Kada ka ce ai a garin da ba ka da biza za ka yi zamanka a ɗaki. Kamfanoni kan hana mutum hawa tun ranar farko in takardarsa ta wata tasha ba ta cika ba. Fasfonka kuma ya zama da sauran aƙalla wata 6 a gaba.

Yanzu zaɓe. Abin da na koya shi ne ka fara duba nisa kafin ka duba farashi. Sunan da aka rubuta a jadawalin jirgi sau da yawa ba nan tashar take ba. Wanda aka ce masa zai je Rum, a Cibitabekiya za a sauke shi, kimanin kilomita 80 daga birnin. Ni abin da ya kai ni Malaga shi ne fadar Alhamra ta sarakunan Musulmin Andalus, ita kuwa tana Giranada, wajen kilomita 130, kusan tafiyar Bauchi zuwa Jos. Daga Kasabalanka zuwa Rabat kusan kilomita 90 ne, zuwa Marakesh kuwa wajen 240. Ƙa'idar da na kafa wa kaina: duk inda zuwansa ya haura awa ɗaya a mota, da motar kamfani zan tafi ko da ta fi tsada, kuma ta fi ɗin sosai. Abin da ke cikin garin da tashar take, wannan ana iya yi da na waje. A Malaga kanta, ganuwar Alkasaba ta ƙarni na 11 tana kallon tashar, da ƙafa ma ana zuwa.

Na san abin da zai zo zuciyar mutanenmu da yawa in sun ji Maroko: Fas, ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani. Wani aminina tun kafin in tafi ya ce, "Malam, ai ba za ka taka ƙasar nan ka dawo ba ka je ba." Na auna. Kusan kilomita 300 ne daga Kasabalanka, zuwa da dawowa ya cinye awa 7 ko fiye, ga tsohon birnin Fas lungu ne kan lungu da mota ba ta shiga. In jirginka ya shirya wannan tafiya da motarsa, bismillah. In bai shirya ba, kada ka yi shatar mota ka ce za ka yi sauri. Ziyara tana son natsuwa, a ware mata tafiyarta.

In ka tsai da shawara, ka yi rajista da wuri. Tikitin Alhamra da sunan mutum da lambar fasfonsa ake yanka shi, yakan ƙare makonni kafin ranar, kuma ɓangaren fadar sarakunan Banu Nasr yana da lokacin shiga da aka buga a jikin tikiti. In ya wuce, ya wuce. Wanda ya bari sai ya hau jirgi sannan ya nema, da wuya ya samu. Ka kuma tambayi abin da zai faru da kuɗinka in iska ta hana jirgi tsayawa a garin. Na kamfani ana mayarwa, na waje sai abin da kuka yi yarjejeniya a kai.

Bayanin da aka rubuta a ƙarƙashin kowane yawo, ka karanta shi kamar yadda ake karanta takardar fili. Awa nawa ne gaba ɗaya, nawa ne a cikin mota? Kuɗin shiga wurare yana ciki? Akwai abincin rana? Da wane harshe ɗan jagoran zai yi magana? A jirgi ɗaya ana samun motar masu Ingilishi, ta masu Faransanci, ta masu Italiyanci, kada a sa ka a wadda ba ka ji. In ka ga kalmar fanoramik, ma'anarta ta tagar mota za ka ga yawancin abubuwan, a sauke ku nan da can a ɗauki hoto. Ga dattijo mai ciwon ƙafa wannan alheri ne, ga mai son shiga ciki kuwa asara ce. A Sifaniya akwai yawon da jigonsa ɗanɗana giya da naman alade ne, sunansa ba zai nuna ba sai ka karanta ƙasa.

Akwai kuma alamar wahalar tafiya da suke sakawa: mai sauƙi, matsakaiciya, mai tsanani. Nan ne na yi kuskuren da har yau yake damuna. Ɗokin Alhamra ya sa ban tsaya a kan wannan layi ba, alhali Hajiya tana fama da gwiwa. Wurin a kan tudu yake, daɓen duwatsu ne, ga matakala, kuma kusan awa 3 ake yi a tsaye. Ta daure, ba ta ce komai ba, sai da muka zo hanyar lambunan Heneralife ta ce, "Malam, ku je ku gani, ni zan zauna a nan." Na gaya wa 'yar jagorarmu, ta nuna mata benci a inuwa inda za mu biyo a dawowa. Da na karanta da kyau, da na saya mata sandar dogarawa da takalmi mai taushi tun a Basalona, da kuma mun huta a ranar da ta gabata.

Daren jajibiri za a kawo maka takardar shirin gobe a ɗaki, ko ka gan ta a manhajar jirgin. A cikinta akwai lokacin rufe shiga, da suna da lambar wayar ejan ɗin jirgin a wannan tasha. Ka ɗauki hotonta, ka kuma kwafe lambar a takarda ka sa a aljihu, domin waya tana mutuwa. Wannan ejan shi za ka kira in wani abu ya tsare ka, kuma in jirgi ya tafi ya bar mutum, a hannunsa ake barin fasfon da aka samu a ɗakinsa. A 'yar jakarka ka sa katin jirgi, wanda shi ne mabuɗin ɗakinka kuma shaidar fita da shigarka, da fasfo in an ce a fita da shi, da maganin hawan jini ko na suga na kwana biyu, ba na yini ɗaya ba. Ka riƙe tsabar kuɗin ƙasar, yuro a Sifaniya, dirhami a Maroko, kada ka dogara da katin naira shi kaɗai. Gorar ruwa biyu: ɗaya ta sha, ɗaya ta maye gurbin buta, don ba za ka same ta a banɗakunan Turai ba. Sai ƙaramar darduma mai naɗewa da rigar sanyi. Malaga bakin teku ce, da ɗumi, amma Giranada tana gindin duwatsun Siyara Nebada, safiyarta irin ta Jos ce. Nama da 'ya'yan itace kuwa kada ka ɗebo daga ɗakin cin abinci sai ka tabbatar ƙasar ta yarda a sauka da su.

Ka ɗaura agogon hannu, ka saita shi da na jirgi. A lokacin da muka je, Sifaniya tana gaban Najeriya da awa ɗaya, Maroko kuwa daidai take da mu. Namu jirgin ya mayar da agogonsa baya da dare, aka sanar. Amma ba kowane jirgi ke yin haka ba, waya kuma da kanta take canzawa in ta kama layin ƙasar da ka shiga. In jirgi ya riƙe agogon Sifaniya wayarka ta koma na Maroko, ƙarfe 4 ɗinka ƙarfe 5 ne a wurinsu. Kafin ka taka gadar sauka ka tambayi ma'aikacin da ke bakin ƙofa ƙarfe nawa ne a jirgi, ka dubi hannunka.

Da safe masu yawon kamfani a wani babban zaure ake tara su, a liƙa wa kowa sitika mai lamba a ƙirji, a kira lamba-lamba a sauka. Ka yi alwala kafin ka fito. A tashoshin da babban jirgi ba ya iya matsawa gaɓa, irin Santorini ta Girka, da ƙananan jirage ake fito da mutane, masu yawon kamfani ake fara ɗauka, kuma lokacin ƙaramin jirgi na ƙarshe shi ne ya zama lokacin rufe shiga. Da ka isa motarka ka ɗauki hoton gabanta da lambarta. A filin ajiye motoci na Alhamra na ga manyan bas jere, kusan duk kama ɗaya.

'Yar jagorarmu wata dattijuwa ce 'yar garin. Ta raba mana wata 'yar rediyo da abin sawa a kunne, ta ɗaga allo mai lambarmu ta yi gaba. Amfanin rediyon shi ne kana jin ta ko tana nesa, haɗarinsa kuma shi ne kana jin muryar sai ka ɗauka tana kusa, alhali ta sha kwana. In muryar ta fara tsinkewa, an bar ka a baya. Shawarata ka kasance cikin mutum biyar na gaba, musamman in Ingilishin nata ya yi maka sauri. In kuma ka ɓace, kada ka yi ta zagaye, ka koma wurin ƙarshe da kuka tsaya tare, ko wurin haɗuwar da ta faɗa tun farko.

Kuma ka yi tambaya, kuɗinka ka biya. Ni shekaru ina rubuta 1492 a allo ina gaya wa yara cewa a ranar 2 ga Janairun shekarar Sarki Muhammadu na 12 ya miƙa Giranada ga sarakunan Kirista Fadinan da Isabela, mulkin Musulmi a Andalus ya ƙare. Ban taɓa zaton zan tsaya a cikin gidan ba. A farfajiyar zakuna, wadda aka gina zamanin Muhammadu na 5 a ƙarni na 14, zakuna 12 na marmara suna ɗauke da kwanon ruwa, ruwan yana bin 'yan hanyoyi huɗu zuwa cikin ɗakuna. Na tambaye ta daga ina ruwa ke hawowa wannan tudu, ta ce daga kogin Daro aka janyo shi ta magudana tun daga can sama cikin duwatsu, gangara ce ke kawo shi. Bangon kuwa rubutu ne ko'ina, kalma ɗaya tana ta maimaituwa. Abokan tafiyarmu ado suke gani, ni da Hajiya karantawa muke yi: wa la galiba illallah, babu mai rinjaye sai Allah. Da 'yar jagorar ta ji ina karantawa a hankali sai ta ce in ɗaga murya kowa ya ji yadda ake faɗinsa. Na faɗa, sai na ji maƙogwarona ya cushe. Daga wannan gari ne Abu Ishaƙ Assahili ya fito, wanda ya haɗu da Mansa Musa a hajjin 1324 ya biyo shi ƙasar Mali, ya rasu a Tambutu. Na ba ta wannan labari a hanyar fita, ta ce za ta riƙa gaya wa baƙinta. Wanda ya ɓuya a bayan ayari yana kallon waya ba zai samu irin wannan ba.

Sallah ba ta cikin jadawalin kowa, kai za ka nema mata wuri. A can a wannan wata rana ba ta karkata sai wajen ƙarfe 2, wanda ya zo daidai da hutun cin abinci. Tun a mota na gaya wa 'yar jagorar muna buƙatar minti 10 da wuri mai tsabta, ta yi wa mai gidan abincin magana ya ba mu wani gefe. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli ka tambayi malaminka tun kana gida, kada sai ka je can ka fara neman fatawa. Akwai masallaci a unguwar Albaisin da aka buɗe a 2003, yana fuskantar Alhamra, amma ba ya cikin hanyarmu, ban kuwa yarda na bar ayari don in je ba. Abinci kuma ka faɗa tun wajen rajista cewa ba ka cin alade, ko ka ce kifi ko ganye kawai, ya fi sauƙi.

A Kasabalanka ne muka gwada na waje, tunda abin da muke so a cikin gari yake. Masallacin Hassan na 2, wanda aka kammala a 1993, ba shi da nisa da tashar, hasumiyarsa mita 210, wani sashensa a kan teku aka gina shi. Masu yawon buɗe ido da ba Musulmi ba a lokuta na musamman ake zagayawa da su, mu kuwa mun shiga mun yi azahar cikin jam'i. Na ɗauki Alƙur'ani a kan kanta na buɗe, sai ga riwayar Warshu da rubutu ɗan'uwan wanda muka koya a allo.

In za ka yi irin wannan, ku gama magana kafin ka shiga mota: nawa ne, na mutum ɗaya ne ko na mota duka, ina da ina za a je, ƙarfe nawa za a dawo. Ka ba shi lokacin da ya riga na gaskiya da awa 2. Kuɗin kuma a ƙarshe ake cikawa. Duk na yi waɗannan, abu ɗaya ne ban faɗa ba, cewa ba ma son a kai mu shago. Bayan mun zaga kasuwar Habus sai mutumin ya ce akwai wani ɗan'uwansa mai man argan da darduma, mu leƙa minti biyar. Aka kawo shayi mai na'ana'a, aka fara shimfiɗa kaya ɗaya bayan ɗaya, kunya ta hana mu tashi. Masu jagora da yawa suna da kamasho a irin waɗannan shaguna, har a yawon kamfani ana tsayawa. Kusan awa guda ta tafi. Da muka fito hanya ta cunkushe da masu tashi daga aiki, kuma na manta cewa daga ƙofar tasha zuwa jikin jirgi akwai tafiya, ga binciken takardu. Hajiya tana ta salati a bayan mota. Saura minti 20 a rufe muka isa. Awa biyun nan da na ƙara ce ta cece mu. In aka ce ka leƙa shago alhali agogo ya matsa, ka yi godiya, ka ce jirginka zai tashi, ka miƙe. Ba rashin ladabi ba ne, su ma sun san haka.

Wajen sallama ana ba ɗan jagora da direba ɗan alheri in sun kyauta, a hannu, da ƙananan kuɗi, shi ya sa yake da kyau ka nemi canji tun da safe. Ka mayar da rediyon kunne, ka duba kujerarka kada ka bar fasfo. A bakin jirgi za a duba katinka, jakarka ta bi ta na'urar bincike. In ka sayo wuƙar ado ko wani abu mai kaifi za su karɓa su ajiye maka sai ranar sauka, saboda haka ka riƙe 'yar takardar da za su ba ka.